Ruwan da Ke Cikin Tarho

Litinin, 7 ga Agusta, da hantsi

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Muryar da Kaka take ji kowace safiya kafin ta sha magani ba ta ranar ba ce. Tsohuwar murya ce. Ni nake nemo ta cikin tarho in danna, in ce Baba ya aiko. Tun bayan Babbar Salla bai aiko da komai ba.

Bara da damina Kaka ta faɗi a bakin rijiya. Aka kai ta gidan likita a Kanambakashe cikin amalanke. Madam Hadiza, wadda ke duba marasa lafiya a can, ta ce hawan jini ne, ƙwaya ɗaya kowace safiya har iyakar rai. Baba ya sayar da maraƙinsa ya sayi tarho mai shafawa da abin awo, wanda ake ɗaurawa a dantse ya kumbura ya saki. Madam Hadiza ta koya mini: in ɗaura, in jira, in ɗauki hoton lambar in tura mata. Ta ce sha uku ko sha huɗu lafiya ne. In ya wuce sha bakwai in kira ta ko tana kan sallaya.

Kaka ba ta son ƙwayar. Ta ce tana sa ta fitsari kamar akuya. In na ce ta sha sai ta ce, "Ke da na wanke ma kashi jiya-jiya?"

Mutum ɗaya take jin maganarsa, shi kuwa ba ta magana da shi. Baba ɗan farinta ne. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. In ya shigo ɗaki sai ta juya ga bango. In dole ta ambace shi sai ta ce "wancan". Ni ma 'yar farinsa ce, shi ya sa aka ba Kaka ni tun da aka yaye ni, shi ma ba ya kiran sunana. Haka muke mu uku. Innata tana aure a Maijirgi.

Da zai tafi arewa haƙar zinariya bayan girbi sai ya samo dabara. Duk safiyar da ya samu rezo, sabis ɗin tarho, ya aiko bokal, wato saƙon murya. Da ni yake magana, ba da ita ba: "Ke 'yar tsohuwa, hwaɗa ma tsohuwa lokaci ya yi." Kaka ta juya ga bango kamar ba ta ji ba, ta miƙo tafin hannu ta baya. In sa ƙwaya, in miƙa ruwa.

Yau na sa mata wanda yake cewa sanyi ya yi yawa a can. Ta ce wa bango, "Sanyi cikin wanga wata?"

Amma ta miƙo hannu.

Awo: sha huɗu.

Laraba, 9 ga Agusta, bayan azahar

Tun da hatsi ya kai gwiwa ruwa ya ɗauke. Ganyen ya fara nannaɗewa. Da safe hadari yakan taso daga gabas, ya tsaya ya kalle mu, ya wuce.

Tanna ta zo kamar kullum. Buzuwa ce, ƙawar Kaka tun suna 'yan mata, kuma ɗanta Attahiru tare suka tafi da Baba. Tun daga ƙofa ta fara.

"Zara'u, har yanzu ba ki mutu ba? Wanga abin matse hannu shi ya riƙe ki."

"Sai na ci sadakar ukunki, Buzuwa," in ji Kaka. "Zamna kar iska ta ɗauke ki."

Tanna ta miƙo mini hannunta. "Ɗiyata, ɗaura mini in gani ko nawa jinin ya hi nata."

Na ɗaura. Sha biyu. Ta ji haushi wai Kaka ta fi ta. Suka yi ta dariya har Kaka ta yi tari.

Da za ta tafi ta tsaya kusa da ni a bakin murhu ta ce a hankali, "Naki yana aikowa?"

Na ce i.

Ta dube ni. Ta ce, "To madalla. Nawa shiru."

Alhamis, 10 ga Agusta, da la'asar

Na kai tarho sharji wurin Cindo. Shi kaɗai ke da pano mai ɗaukar wutar rana a garinmu. Tun da soja suka karɓi mulki a Yamai aka rufe iyaka, kuran, wato wutar lantarki, shi ma an ce ya ɗauke har a Tasawa, shi ya sa rumfarsa ta cika da tarhunan mutane. Maza suna zagaye da rediyo suna gardama ko za a yi yaƙi ko ba za a yi ba. Ni dai na tsaya daga gefe. Ba na iya magana in maza sun yi yawa.

Cindo ya hango ni. "Ku ba lokotoro hanya! Lokotoro Furera, yau nawa jinin tsohuwa?"

Suka yi dariya, wai ni ce likitar garin. Na miƙa masa tarho ban ɗaga kai ba.

A wurinsa ne rezo ya fi kamawa. Na duba. Saƙonnin da na tura wa Baba duk alama ɗaya ce a kansu, mai launin toka. Ba su isa ba ke nan.

Juma'a, 11 ga Agusta, da yamma

Na je karɓo tarho. Cindo ya ce, "Tarhonki ya cika, shi ya sa yake nawa. Na share miki tarkace. Yanzu kamar sabo, ba sai kin biya ba."

Na buɗe a hanya. Duk bokal ɗin Baba sun tafi. Na sanyi, na ranar da ya ci naman raƙumi, na ranar da ya yi mini waƙar tsokana. Duk.

Na zauna gindin aduwa na sake duba tarhon.

Guda ɗaya ya rage, don shi ba aiko shi aka yi ba. A ɗakin Kaka aka ɗauka bara, ranar da muke koyon tarhon. Baba ya yi gyaran murya irin tasa, sau biyu a gajarce, sannan ya ce, "Ke 'yar tsohuwa, hwaɗa ma tsohuwa lokaci ya yi. Kar ta yi gardama." Ran nan ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, ana jin sa a kan rufin kwano tun daga farko. Bayan ya gama magana ruwan ya ci gaba, sai can ƙasa-ƙasa muryar Kaka ta ce, "A shigo da akuyar nan, za ta jiƙe."

Akuyar mun sayar da ita da rani.

Dole in riƙa tsayar da shi kafin wurin.

Asabar, 12 ga Agusta, da safe

Na sa mata. Da ƙarar ruwan ta fito sai kajinmu suka kwasa a guje suka shige ƙarƙashin rumbu. Sama kuwa fes, ko gajimare babu.

Kaka ta daɗe tana fuskantar bango.

"Can ana ruwa ke nan."

"I, Kaka."

"Cikin rairayi."

"I."

"Da ruhin kwano."

Na kashe tarhon. Ta miƙo hannu.

Awo: sha biyar.

Lahadi, 13 ga Agusta

Kajin sun sake gudu. Sha biyar.

Talata, 15 ga Agusta, da azahar

Alama biyu! Ina tsaye bayan rumfar Cindo na ga saƙonnina duk sun zama alama biyu. Sai kuma suka koma shuɗi a gabana, ɗaya bayan ɗaya, kamar wani yana bi yana buɗewa.

Ban taɓa kiran Baba ba, shi ke aikowa. Yau na kira.

Aka ɗauka. Iska kawai nake ji, mai ƙarfi, irin wadda ba ta da itace a gabanta. Akwai mutum, don ina jin numfashinsa. Na jira ya yi gyaran murya. Bai yi ba.

Na ce, "Baba?"

Numfashin ya tsaya. Aka kashe.

Kafin in iso gida hotonsa ya ɓace daga kan lambar, wanda yake tsaye da shuɗin rawani da fitila a goshi. Yanzu wani kai ne mai launin toka, ba ido ba baki.

Kaka ta ce mi ya sa na daɗe. Na ce layi ne.

Alhamis, 17 ga Agusta, da hantsi

An fita roƙon ruwa. Maza sun juya rigunansu ciki waje sun nufi filin idi, yara na biye. Garin ya yi tsit, ko daka babu. Ina jin liman daga nesa, iska tana kawo muryarsa tana mayarwa.

Tanna ba ta zo ba jiya. Yau ma ba ta zo ba.

A rijiya na ji mata suna cewa Attahiru ya dawo. Wai da asuba ya shigo a ƙafa, ba jaka, kuma ta bayan gida. Da suka gan ni sai suka koma zancen guga.

Awo: sha shida.

Juma'a, 18 ga Agusta

In mutum ya dawo daga tafiya yakan zo ya gaida tsofaffi. Kowa ya san haka.

Asabar, 19 ga Agusta, bayan la'asar

Madam Hadiza ta kira. Ta ce tana kallon hotunan da nake turawa, lambar sai hawa take.

"Furera, tana sha kuwa?"

"Ina sa mata a hannu, Madam."

"Ban ce hannu ba. Kin ga ta haɗiye?"

Ban gani ba. Ta yaya zan gani? Bango take fuskanta.

Ta ce in sa ido. Ta ce tun da aka rufe iyaka maganin ya yi wuya a farmasi, kar a yi wasa da wanda ke hannu. Ta ce a rage gishiri da kanwa. Na ce to. Mi ma muke dafawa da za a rage masa gishiri.

Lahadi, 20 ga Agusta, da rana tsaka

Kaka ta fita kewaye, na shiga na duba inda take fuskanta. Akwai wata tsaga a bangon, daidai fuskarta in tana zaune. Ƙwayoyin suna ciki. Ta tura su cikin ƙasar ɗaya kusa da ɗaya, farare, a jere kamar haƙora.

Ba su da yawa. Tun ranar da ruwan nan na cikin tarho ya fara ne.

Ban taɓa su ba. Na fito na zauna a rana, amma jikina sanyi yake ji.

Litinin, 21 ga Agusta, da safe

Laifina ne. Na ƙura wa hannunta ido don in ga ko za ta kai baki, na manta da tarho. Baba ya gama magana, ruwa ya ci gaba, sai muryarta ta fito daga hannuna:

"A shigo da akuyar nan, za ta jiƙe."

Bayanta ya sandare. Ni ma na kasa motsi. Muka zauna haka, ita da bango, ni da bayanta, ruwa yana zuba a ɗakin da ƙura ta cika.

Can ta ce, ba da ni ba, "Akuyar ai an saida ta."

Ta karɓi ruwa ta sha. Ban ga ƙwayar ta shiga ba.

Sha bakwai.

Laraba, 23 ga Agusta, bayan azahar

Na haɗu da Attahiru a hanyar rijiya, inda gonar Tanna ta yi iyaka da tamu. Kamar jirana yake. Ya rame ƙwarai, ya ja rawani har ƙasan ido. Ba kowa a hanyar sai mu da hatsin da ya bushe yana kas-kas.

Na durƙusa na ce, "Sannu da hanya."

Ya ce, "Yawwa, Furera."

Na ce, "An zo lahiya?"

Ya sa hannu aljihu ya fiddo fitilar goshi. Igiyarta ja ce, an ɗinke ta da baƙin zare. Ni na ɗinke wa Baba ita.

Ya ce tarhon Baba sun bar shi hannun mai motar da ya fito da su, don ba su da abin ba shi. Ya ce ramin da ya rufta ba ma mai zurfi ba ne sosai. Ya faɗi haka har sau biyu, kamar ni na yi masa gardama.

Ya gaya mini sauran. Ba zan rubuta ba.

Ya ce manya sun ce a jira Baba Sale, ƙanen Baba, ya zo daga Tasawa kafin a shiga gidanmu. Ya ce tsoron jininta suke, kar a gaya mata ta faɗi. Ya ce uwarsa ba ta iya kallon Kaka, shi ya sa ba ta zuwa.

"Ke ma kar ki hwaɗa mata. Kin ji?"

Na ce na ji.

Na ɗebo ruwan. Na kawo. Fitilar na sa ta cikin rumbu, tunda ba komai a ciki.

Alhamis, 24 ga Agusta, da safe

Na sa mata. Ina sane na sa mata. Ya yi gyaran murya, ya ce kar ta yi gardama.

Alhamis ɗin dai, da yamma

Ina wanke kwanoni na ji ruwa a kan kwano. Na ruga ɗaki, na ɗauka tarhon ne ya kunna kansa. A kashe yake. Na fito na duba sama. Babu komai. Kajin dai suna ƙarƙashin rumbu.

Juma'a, 25 ga Agusta, da la'asar

Kaka ta tashi da aiki. Ta share tsakar gida har lungun da ba a sharewa. Ta yi wanka ta sa farin mayafinta. Ta aike ni maƙwabta aron tabarmi, ta shimfiɗa su a inuwa da ƙofar gida.

Na ce, "Kaka, baƙi za mu yi?"

Ta ce, "Za su zo."

Awo: sha takwas. Na kira Madam Hadiza. Ta ce a kawo ta. Na gaya wa Kaka, ta ce ba ta barin gida baƙi su tarar ba kowa. Madam ta ce to za ta nemi babur ta zo jibi.

Tabarmin suna nan a shimfiɗe. Ba wanda ya zauna. Iska tana ɗaga gefensu tana ajiyewa.

Asabar, 26 ga Agusta, da hantsi

Na ɗauko tarho da ƙwaya da moɗa kamar kullum. Kaka ba ta juya ga bango ba. Ni ta fuskanta.

"Aje shi."

Na ajiye.

"Kullum sahe kina tada shi. Kullum kina hidda shi cikin ruwa. Ki bar Maharazu ya kwanta."

Sunan Baba ke nan. Ban taɓa rubuta shi ba. Ban taɓa jin sa a bakinta ba, ko da wasa, ko cikin barci. Da ta faɗa sai ɗakin ya zama kamar wani ya shigo ya tsaya.

Ta sake faɗa a hankali, kamar tana ɗanɗana shi. "Maharazu. Ashe haka yake a baki."

Na ce, "Kaka, wa ya hwaɗa miki?"

"Wa zai hwaɗa mini? Tun yaushe Buzuwar nan ba ta zo ta zage ni ba? Kuma ke, kin ɗauka tsufa kurumta ne? Mutum ya aiko da sanyi cikin damina. Na yi shiru ne don na ga kina so."

Sai a lokacin na yi kuka. Ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta, tana tsefe mini kitso da ba ta yi niyyar sakewa ba. Ita ba ta yi ba.

Da na natsu na miƙa mata ƙwayar. Ta rufe mini hannu da nata ta mayar mini.

"Wanda ya ce in sha ya tahi."

Lahadi, 27 ga Agusta, da yamma

Sun zo. Baba Sale da liman da dattawa, Attahiru a baya. Suka tsaya a ƙofa suna ta shawarar wanda zai fara shiga, sai suka ga tabarmi a shimfiɗe. Ba wanda ya sake neman yadda zai fara. Aka zauna aka yi fatiha.

Tanna ta shigo daga baya, ta tsaya nesa tana murza gefen zane. Kaka ta ɗaga kai ta ce, "Buzuwa, kin rame. Munin ya ƙaru." Tanna ta zube a gabanta.

Madam Hadiza ta iso ana cikin haka. Ta yi gaisuwa, ta auna da kanta. Sha tara. Ta yi wa Kaka magana mai daɗi, Baba Sale ma ya yi, har liman ya sa baki. Kaka ta ce wa kowa, "To, Allah shi yi albarka." Ba ta buɗe hannu ba.

Na raka Madam wurin babur. Ta ce, "Furera, zan gaya miki gaskiya don ke ba yarinya ba ce yanzu. In ya zauna haka jijiya tana iya tsinkewa a kanta. Ko ta tafi, ko ta kwanta ba hannu ba baki. Ni ina Kanambakashe, Sale zai koma Tasawa. Ke ce a ɗakin."

Na ce ba ta jin maganata.

Ta ce, "Kin taɓa yi mata da ƙarfi?"

Ban taɓa yi wa kowa ba.

Talata, 29 ga Agusta, da azahar

Da safe ludayi ya suɓuce daga hannunta na hagu. Ta ɗauka da na dama ta yi kamar ba komai.

Masu gaisuwa sun kawo ɗan gari, na dama fura. Na zuba tawa a ƙwarya, na rufe da faifai, na ɗora ƙwayar a kan faifan. Na ajiye tsakiyar ɗaki inda za ta gani.

Har azahar ba ta tanka ba. Sannan ta ce, "Ke, mi ya hana ki shan hura?"

"Lokaci bai yi ba."

"Wane lokaci?"

Na nuna faifan.

Ta dube ni, ta dubi ƙwayar. "Ja'ira. Ki mutu mana, hatsi ya huta."

Ta juya ta kwanta. Furar ta yi tsami, na ba kaji.

Laraba, 30 ga Agusta

Na sake damawa, na sake rufewa. Ruwa kawai na sha. In na miƙe sai ƙasa ta karkata. Kaka ta ce wa Tanna, "Dubi abin da na raina, shiru-shiru ashe jaki ce." Tanna ta ce, "Gado ta yi." Ba wadda ta yi dariya.

Hadari ya haɗu baƙi ƙirin da la'asar, har da tsawa. Ya wuce. Kajin ko ɗaga kai ba su yi ba.

Sha tara.

Alhamis, 31 ga Agusta, bayan la'asar

Na je wurin Cindo. Maza suna nan da rediyonsu. Ban tsaya gefe ba, na ratsa su na ce, "Cindo, ina son ka cire mini wata murya daga tarho ka sa a ɗan kati, ka ba ni katin a hannu."

Kowa ya yi shiru, ko don ba su taɓa jin na yi magana mai tsawo haka ba. Cindo bai ce lokotoro ba. Ya karɓa. Da ya danna don ya gane wanne ne, ruwa ya zubo cikin rumfar, wani tsoho har ya leƙa waje. Sai gyaran muryar. Cindo ya kashe da sauri. Ya daɗe yana kallon tarhon.

Ya ce, "Waɗanda na share ran nan, nashi ne?"

Na ce ba komai.

Katin bai kai farcen ɗan yatsa ba. Na naɗe shi a ƙyalle na ɗaure a jar igiyar fitilar, na mayar cikin rumbu na rufe.

Sannan na zauna bayan rumbun, inda ba mai ji, na danna jan maɓallin ɗaukar murya. Na yi ta yi ina sharewa, don muryar tana fita kamar ta sauro. Daga ƙarshe na rufe ido na faɗa da ƙarfi.

Da na saurara sai tsigar jikina ta tashi. Kafin in fara magana na yi gyaran murya, sau biyu a gajarce. Ban san na yi ba.

Ban share wannan ba.

Juma'a, 1 ga Satumba, da safe

Na shiga da ƙwarya da faifai da moɗa. Na tsaya bakin ƙofa na danna. Ba ruwa a bayan muryar, sai kukan kurciya da iska cikin karan da ya bushe.

Gyaran muryar ya fito. Sannan ni: "Tsohuwa, lokaci ya yi. Kar ki yi gardama."

Kaka ta daɗe tana kallona. Sai a hankali ta juya ga bango, ta miƙo tafin hannu ta baya.

Na sa ƙwayar. Amma ban tsaya a bayanta ba. Na zagaya na shiga tsakaninta da bangon, na zauna na jingina bayana da tsagar nan.

"Tashi nan," in ji ta.

"Sai kin haɗiye."

Ta kai baki. Ta sha ruwa.

Na ce, "Buɗe in gani."

"La ila! Ko ubanki bai taɓa..." Ta tsaya. Sai ta buɗe, ta zaro harshe har waje kamar yarinya. Ba komai a kai.

"To kin gani, mayya. Je ki sha hurarki kahin ki hwaɗi mini a ɗaki."

Na sha a gabanta. Ta zuba mini ido har na kai ƙasan ƙwarya.

Awo: sha bakwai. Na tura wa Madam Hadiza.

Na kwaɓa ƙasa da sauran ruwan moɗa na toshe tsagar. Gobe ma nan zan zauna, da jibi. Shi kuwa Baba ba zan ƙara tada shi ba.